Haƙƙin Naƙasassu a Rumfar Zaɓe

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, ku sani ƙuri'a shaida ce da mutum yake bayarwa a kan wanda ya ga ya cancanci riƙon al'amuran jama'a. Saboda haka duk abin da ya tare makaho, ko gurgu, ko kurma, ko tsoho ga barin isa akwati, ya tauye masa haƙƙi, ya kuma rage wa jama'a shaida guda.

Musulunci bai ware naƙasassu gefe ba. Abdullahi ɗan Ummu Maktum makaho ne, a kansa farkon Suratu Abasa ya sauka, ya yi ladanci, kuma sau da dama Annabi (S.A.W.) ya bar masa limancin Madina idan ya fita yaƙi. Haka nan bayan rasuwar Sayyidina Umar a shekarar 644 Miladiyya, Abdurrahman ɗan Aufu ya yi kwana uku yana bin mutanen Madina yana jin ra'ayinsu, har da mata a ɗakunansu, kafin a naɗa Sayyidina Usman. Shi ya je gare su, bai jira su zo ba.

A nan ƙasar, a Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar Zaɓe ta 2022 kuma ta yardar wa makaho ya shiga rumfa da wanda ya amince wa. Ta kuma ɗora wa Hukumar Zaɓe samar da rubutun makafi da tafintan kurame.

To, amma doka ba ta cike kwata, ba ta hawa da keken gurgu bisa dakalin makaranta. Wannan aikinmu ne. Mutanen Babban Giji da Gyaɗi-Gyaɗi da sauran mazaɓun Tarauni, ku duba rumfunanku tun kafin ranar zaɓe. Inda akwai tudu a gyara, a kai kujera da inuwa, a gabatar da tsofaffi da masu juna biyu a layi.

Kai kuma ɗan jagora, abin da makaho ya faɗa maka amana ce. In ka dangwala inda bai ce ba, ka yi shaidar zur da sunansa. In ka faɗa wa wani, ka tona asirinsa.

Allah Ya sa mu dace, amin.