DARASI: IN SANDAR GIYA TA YI SAKO-SAKO



A watannin Maris da Afrilu ake cirar albasa a Galmi da gandarin Ƙonni da fadamun Badagishiri. Lokacin nan motar kaya ba ta hutawa, ko taka ce, ko ta ƙungiyarku. In ta tsaya a daji da buhuna cikin rana, albasa ta lalace, wahalar shekara ta tafi a banza. Sau da yawa abin da ke tsai da ita ƙarami ne: sandar giya ce ta saki.

ME KE KAWO SHI?

Ka lura, sandar tana lilo a hannu, kuma sai ka yi lalube kafin giya ta shiga. Kada ka yi saurin cewa giyabos ya mutu. Galibi wata ƴar roba ce ta cinye, ko noti ya kwance. Hanyoyin Adar duwatsu ne da ƙura. Girgiza tana kwance noti. Ƙura kuwa in ta haɗu da giris, sai ta riƙa cin roba kamar dutsen wāshi.

Sandar giya iri uku ce:

1. Wadda ta shiga kan giyabos kai tsaye, kamar ta tsofaffin Toyota Hilux. Gindinta dunƙule ne, yana zaune cikin kwaf na roba. A bakinta na ƙasa akwai wata ƴar roba kamar hula.
2. Wadda ke aiki da sandunan ƙarfe, kamar ta Peugeot 404 da ke jikin sitiyari. Kowace gaɓa tana da robarta.
3. Wadda ke aiki da wayoyi biyu, kamar ta ƙananan motoci da yawa na yanzu.

YADDA AKE GYARA

Ka tsai da mota a wuri mai daidai. Ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka tokare tayu da duwatsu. Kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Na farko, ka ɗaga rigar roba da ta rufe gindin sanda. In ta yage, ta nan ƙura ke shiga. A sake ta.

Na biyu, wani ya riƙa motsa sanda, kai kana dubawa. Wurin da ƙarfe ɗaya ke motsi ɗayan bai bi shi ba, nan ciwon yake.

Na uku, in noti ne, ka ɗaure shi da sifana daidai wa daida. Ɗauri fiye da kima yana kashe zare.

Na huɗu, in iri na farko ne, ka cire giya tukuna. Ka share wurin tsaf, ka danna murfin da ke riƙe da sanda, ka murɗa shi hagu, ka zaro sanda. Ka toshe ramin da tsumma mai tsabta, don rairayi ko guntun roba kada su faɗa ciki. Ka tafi da tsohuwar roba wurin masu sai da kayan mota a Ƙonni ko Tawa, a ba ka irinta. Ka shafa giris kaɗan, ka mai da komi wurinsa.

Na biyar, ka gwada giya ɗaya bayan ɗaya, har ta baya, kafin ka ta da inji.

INDA AIKINKA YA TSAYA

In sanda ta yi ƙarfi amma giya tana gurnani wajen shiga, a duba kuloci. In giya tana fita da kanta kana cikin tafiya, ko dai robobin da ke riƙe da inji da giyabos sun mutu, ko ɓarnar tana ciki. Wannan aikin makanike ne. Ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Wasu direbobi suna ɗaure sanda da tsohon tub don kada giya ta fita. Wannan ba magani ba ne. Ran da ta fita a gangaren dutse, mota cike da kaya, birki kaɗai ya rage, shi ma yana yin zafi ya ƙi kamawa. Haka kuma kada ka riƙa dafa sanda kana tuƙi, nauyin hannu yana cinye ƙarafan ciki.

Kada ka jira daren Laraba, kasuwar Badagishiri tana gobe. Ka duba motarka tun albasa tana gona. Rigakafi ya fi magani.

Ka karanta wa direbanku da karen mota wannan darasi.