Harsashi Ɗaya, Sunaye Huɗu: Matsalar Fassara a Aikin Sake Ɗura Kwanso

A Amurka, maharba da dama ba sa yar da kwanson harsashin da suka harba. Sukan sake ɗura shi a gida da wani ɗan injin hannu, irin wanda kamfanonin RCBS da Lee ke ƙerawa. Ana ɗaure injin a jikin teburi mai nauyi, domin kada ya motsa idan an danne mariƙinsa. Daga nan sai a murɗa mazubin ƙarfe ta sama har ya taɓo abin da ke riƙe da gindin kwanson, a ƙulle shi. Wannan mazubi shi ke matse kwanson da ƙarfin harbi ya buɗa, ya mayar da shi ainihin girmansa.

Mai bayyana wannan aiki da Hausa zai ci karo da cikas. Kalmar "harsashi", wadda asalinta Larabci ne mai ma'anar dalma, ta haɗiye abubuwa huɗu da injin ke bi ɗaya bayan ɗaya: kwanso, albarushi, dalmar da ke fita, da ɗan abin da ke tayar da wuta a gindin kwanson. Ukun farko suna da sunayensu. Na huɗun, a ganin wannan nazari, "maƙyasti" ya fi dacewa da shi, daga aikatau "ƙyasta", kamar yadda "mabuɗi" ya fito daga "buɗe".