Yadda Jamus ke zaɓen wakilanta a Majalisar Turai

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga Malam Habibu a Damagaram. Yana cewa: "Wa ke zaɓen wakilan Jamus a Majalisar Tarayyar Turai, gwamnati ko talakawa?"

To Malam Habibu, talakawa ne ke zaɓensu da ƙuri'arsu. Tun shekarar 1979 ake wannan zaɓe kai tsaye, duk bayan shekara biyar. Jamus ce ta fi yawan jama'a a Tarayyar, saboda haka ita ke da kaso mafi tsoka, kujera 96, yayin da ƙaramar ƙasa kamar Malta ke da 6. Jam'iyya ake kaɗa wa ƙuri'a, sai a raba kujerun gwargwadon ƙuri'un da kowace ta samu. A zaɓen 2024 har 'yan shekara 16 sun yi zaɓe.

Wasu na cewa zaɓen ɓata lokaci ne, tunda Hukumar zartarwa ta Tarayyar ce ke gabatar da ƙudurin doka, ba majalisar ba. Gaskiya ne, amma mafi yawan dokokin ba sa tabbata sai majalisar ta amince, haka ma kasafin kuɗi, kuma ita ke zaɓen shugaban Hukumar. Wakilin da talaka ya zaɓa ya san wa zai koma ya yi wa bayani. A majalisar ECOWAS kuwa, majalisun ƙasashe ne ke tura wakilai daga cikinsu, shi ya sa da wuya talaka ya san mai wakiltarsa. A ganinmu, zaɓe kai tsaye ya fi.