Darasi: Yadda Ake Zana Fure a Kan Baƙar Takarda

Darasinmu na wannan fitowa na zane ne, kuma babba da yaro duk za su iya.

Kayan aiki: baƙar takarda, fensir mai launi, da fure guda. Idan babu baƙar takarda, bayan kwali mai ruwan ƙasa ya wadatar. Kada dai a bar yaro ya yi zane a kan katin karɓar abinci ko takardar rajista. Fiƙe fensir da reza kuwa aikin babba ne.

Mun zaɓi furen kuɓewa domin kowa ya san shi. Ganyensa biyar ne, ruwan ɗorawa mai haske, tsakiyarsa ja wur mai duhu. Da safe yake buɗewa, kafin dare ya yi yaushi, saboda haka a zana shi da hantsi.

A farar takarda inuwa muke zanawa. A baƙa kuwa inuwar tana nan tun farko, haske kawai za mu sa. Ga matakan:

1. Da farin fensir, a zana ƙaramin da'ira, a kewaye shi da ganye biyar. A sassauta hannu, domin gogewa tana barin tabo a baƙar takarda.

2. A dubi ɓangaren da rana ta haska furen. A shafa fari a nan sama-sama.

3. A ɗora ruwan ɗorawa a kan farin. Idan aka sa shi kai tsaye a kan baƙi, sai ya dushe, har ya yi kamar kore.

4. A ja layuka daga tsakiya zuwa baki, yadda jijiyoyin ganyen suka bi. Shafi biyu ko uku marasa nauyi sun fi dannawa sau ɗaya.

5. A sa ja a tsakiya. Inda ganye ya hau kan ɗan'uwansa, a bar takardar yadda take.

6. A gama da kara da kore mai haske. Shuɗi mai duhu da ruwan ƙasa ɓacewa suke yi a baƙi.

Me ya sa muka kawo wannan darasi? Yawancin yaranmu sun ga abin da bakinsu ba zai iya faɗa ba. Zama wuri guda ana kallon fure ana zanawa yana taimaka wa hankali ya kwanta. Ku zauna tare da su, ku yaba, kada ku gyara musu.

Idan yaro ya bar fure ya zana bindiga ko gida yana ƙonewa, kada a tsawata masa, kada a yaga takardar, kada kuma a matsa masa da tambaya. A ce kawai: "Ba ni labarin zanen nan." In ya yi shiru, a ƙyale shi. Idan kuma yana firgita cikin barci, ko ya daina wasa da cin abinci, ku kawo shi ofishin kariya. Akwai tafinta, ba a biyan ko sisi, kuma sirrinku a rufe yake.

Allah ya raya mana su.