Mai Niyyar Hajji Ko Umara, Kada Ka Bar Gida Cikin Zullumi

Ɗan'uwa, ka tuna turmutsutsun Mina na 2015? Gidaje da yawa sun kwashe kwanaki ba su san ko alhajinsu na raye ba. Tawakkali ba ya hana riƙo da sababi.

Kafin ka tashi:

1. Bar wa amintacce ɗaya kwafin fasfonka, sunan masaukinka da lambar jami'in alhazanku.
2. Rubuta lambar gida a takarda, ka sa a jakar wuya. Waya tana ɓata, caji yana ƙarewa.
3. Ku tsayar da lokacin kira kullum. Agogon Saudiyya na gaban na Najeriya da Nijar da awa 2.
4. Lambar gaggawa a Makka: 911.

Kwantar da hankalin iyaye ma ibada ce.

Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da ku lafiya.