Darasi: Ruwan da Aka Bari Ya Huta

'Yan'uwa, darasinmu na wannan fitowa ya kai mu ƙasar Fiji, can cikin tekun Fasifik. Ƙasa ce mai tsibirai fiye da 300, kuma mutanen ƙauyukan bakin teku da kifi suke ci da iyalinsu.

Kewaye da tsibiran akwai duwatsun murjani. Waɗansu ƙananan halittu ne suke gina su a hankali cikin ruwa marar zurfi. A nan kifi yake ɓuya, ya yi kiwo, ya hayayyafa. Idan duwatsun suka mutu, kifi ya kan watse.

Dokar kakanni

A Fiji kowace zuriya tana da yankin ruwanta na gado, wanda suke kira "qoliqoli". Akwai irinsu wajen 400 a ƙasar. Tun zamanin dā, idan babban sarki ya rasu, a kan hana kamun kifi a wani sashe na ruwan har kwana 100. Wannan hani shi ne "tabu". Ranar da aka buɗe, sai a sami kifi mai yawa don taron makoki.

Abin da wani ƙauye ya yi

A ƙauyen Ucunivanua, gabashin tsibirin Viti Levu, mata su kan tono wata halitta mai ɓawo biyu da ake kira "kaikoso" daga cikin laka a bakin teku. Su kan ci, su kai saura kasuwa. Da tafiya ta yi tafiya, sai ta ragu, ta kuma ƙanƙance. Mace ta yini cikin ruwa, ta dawo da abin da bai kai a ɗora tukunya ba.

A shekarar 1997 mutanen ƙauyen suka zauna da sarkinsu, suka koma ga dokar kakanni. Suka rufe hekta 24 na tsawon shekara uku. Malaman Jami'ar Kudancin Fasifik suka koya musu ƙirga kaikoso da auna girmanta, domin su ga sakamako da idonsu. Ba a daɗe ba ta ƙaru a wurin da aka rufe, har ma a gefen da ba a rufe ba.

Me ya sa? Babba ta fi ƙarama zuba ƙwai nesa ba kusa ba, igiyar ruwa kuma tana kwashe 'ya'yan zuwa maƙwabtan wurare. Wurin da ya huta ya zama kamar rumbun iri. Ƙauyuka da dama suka yi koyi, kuma a 2002 wannan aiki ya sami lambar yabo a taron duniya na Johannesburg.

Ba a rasa matsala ba

Baƙi su kan shigo da dare su yi sata. Waɗansu ƙauyuka kuma sun buɗe ruwansu don biki, suka kwashe amfanin shekaru cikin 'yan kwanaki. Ga kuma matalauci, wanda hani ya fi yi wa zafi domin ba shi da abin komawa. Doka ta kan tsaya ne idan kowa ya sa baki tun farko, har da mata, kuma mai laifi bai tsira don gidan da ya fito ba.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce gare mu. A Argungu a kan hana su a Matan Fada har lokacin biki, kuma Sarkin Ruwa yana cikin masu lura da wurin.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wane tafki, kurmi ko makiyaya ne a ƙauyenmu yake bukatar hutu?
2. Wace doka kakanninmu suka bi a kansa, me ya sa aka bar ta?
3. Idan mun rufe shi, wa zai fi shan wahala, yaya za mu tallafa masa?
4. Wa zai riƙa ƙirgawa ya kawo wa jama'a rahoto?