Kacici-kacicin Tsofaffin Finafinan Indiya: A Riƙa Faɗin Shekara

Masu son tsofaffin finafinan Indiya kan ɓata kacici-kacici da tambaya mai amsa biyu. Wa ya fito a Don? Amitabh Bachchan a 1978, Shah Rukh Khan a 2006. Haka Devdas: Dilip Kumar a 1955, Shah Rukh a 2002. Kowa da gaskiyarsa, sai gardama ta kaure.

Mai tambaya ya riƙa haɗawa da shekara.

Waƙa kuwa ta fi rikitarwa, domin jarumi baki kawai yake motsawa, muryar ta su Mohammed Rafi ce ko Lata Mangeshkar. A fayyace ko mai rerawa ake nema ko wanda aka gani. A duba sunayen da ke farkon fim kafin zama, a kuma naɗa alƙalin da ba ya cikin gasar.